Tasalla a Birnin Makiyayan Dawa

A layin 'yan gwanjo na kasuwar Funtuwa Malam Shekarau ya ci karo da madubin. Madubin hangen nesa ne mai ido biyu, irin na da can, an naɗe jikinsa da wata fata mai sanyi wadda ko dukawa ba su iya faɗin ta wace dabba ce ba. Tsohon da ya baje shi a kan buhu ya miƙa masa ya ce, "Wannan ba abin da ke nesa kaɗai yake nunawa ba, har abin da ke ɓoye. In ka ga abin da ba a nuna maka ba, ka kama bakinka." Malam Shekarau ya sunkuya ya sa shi a jaka. Da ya ɗago, babu tsoho babu buhu.

Shi Malam Shekarau tela ne da ya ajiye keke, mutum mai fara'a da yawan gaisuwa. Ko akuya ya tarar a hanya sai ya tambaye ta gajiya. Matarsa Tasalla kuwa ba mai yawan magana ba ce. A hannun kakanta ta tashi, wani maharbi a ƙauye, saboda haka tun tana ƙarama ta san sunayen namun daji da kirarinsu, ko da yake yawancinsu fatarsu kawai ta taɓa gani a rataye. Da 'yarsu ta ga girma ya kama su ba su taɓa fita yawon buɗe ido ba, sai ta shirya musu tafiya gandun dajin Dutsen Gauraka, su je su ga dabbobi suna yawo a sake.

Da hantsi suka shiga buɗaɗɗiyar motar gandun, su biyu sai direba, wani dattijo mai suna Nomau wanda shi ne kuma ɗan jagora. Suka yi ta tafiya cikin daji. Suka wuce tafki, babu ko kada. Suka wuce gindin tsamiyoyin da Nomau ya ce birai ba sa rabuwa da su, ko ganye bai motsa ba. Rana ta take, ba su ga ko gada ba.

Nomau ya tsayar da mota, ya leƙa ƙasa. "Baba, tunda nake aikin nan ban taɓa ganin dajin nan haka ba. Ku dubi sawu. Na giwa, na ɓauna, na zaki, duk gabas suka nufa, kamar an kira su."

Malam Shekarau ya zaro madubinsa ya ɗora a ido, ya dubi gabas. Tasalla ta ga bakinsa ya buɗe.

"Tasalla! Ga su can! Giwaye, raƙuman dawa, ɓauna kamar ƙasa! Kai, ashe suna da masu kiwo! Wasu dogaye ne kamar giginya, da malafa da sanduna."

"Malam, ka tuna abin da tsohon nan ya ce maka," in ji Tasalla.

Ina! Hali zanen dutse. Ya riga ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu. "Salamu alaikum! Sannunku da kiwo!"

Wata murya ta amsa daga nesa, kamar tsawa a cikin rijiya. Nan take guguwa ta taso ta rufe motar. Da ƙura ta lafa, Tasalla ta ga babbar rigar mijinta da hularsa da takalmansa a zube kan kujera, wani ƙaton gwanki kuma ya daka tsalle daga cikin motar ya yi gabas a guje.

Nomau ya hau salati. Tasalla ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki madubin ta duba. Ta hango wasu manyan shuri biyu na gara, tsakaninsu wata ƙofa mai sheƙi, ƙarshen garken yana shigewa, gwankin nan yana biye. Ta ninke rigar da hula, ta goya su a baya kamar jariri, ta ɗaure da mayafi, ta sauka.

"Mama, doka ta hana sauka daga mota!" in ji Nomau.

"Dokar ba ta hana a ɗauke mini miji ba?" in ji ta. "Ka jira mu a nan."

A bakin ƙofar ta tarar da wani aljani zaune. Jikinsa na mutum, kansa na tsuntsun burtu, maƙogwaronsa ja wur yana kumbura in zai yi magana.

"Ya ke 'yar Adam, tsaya inda kike. Wannan ƙofar ƙasar makiyayan dawa ce. Me ya kawo ki da ƙafa biyu inda masu huɗu ke shiga?"

Tasalla ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, mijina ne ya shige cikin garkenku. Gaisuwa kawai ya yi, bai ɗauki komai naku ba."

"Ya ga abin da ba a nuna masa ba, kuma ya yi magana. Duk wanda makiyaya suka amsa wa gaisuwa ya zama na garke. Babu mai kwance wannan sai Sarauniya Kilbarasa, tana birni, bayan fili da kogi. Za ki shiga?"

"Zan shiga."

"To ajiye madubin nan, namu ne, ya daɗe yana yawo a hannun mutane. Da idon da Allah ya ba ki za ki duba. Ga dokar ƙasarmu: duk dabbar da kika gani kika kira sunanta kafin ta taɓa ki, za ta kwanta ta ba ki hanya. Wadda kika kasa gani kuwa, ke ce abincinta. In rana ta faɗi mijinki yana cikin garke, ya zama gwanki har abada."

Ta ajiye madubin a gabansa, ta yi bismillah, ta shiga.

Wani fili ta tarar wanda ba a ganin ƙarshensa, ciyawa ta kai mata kafaɗa, launinta kamar zinariya. Babu iska, amma ciyawar tana raɗa. Tasalla ta riƙa tafiya a hankali tana tuna maganar kakanta, cewa a daji ba a neman dabba gaba ɗayanta, kunne ake nema, ko bindi, ko abin da ya tsaya cak alhali komai yana motsi. Can sai ta ga wasu ƙananan abubuwa biyu masu zagaye sun ɗan fi ciyawa duhu.

"Zaki manyan dawa, na gan ka!"

Ciyawa ta buɗe. Wani zaki mai geza har ƙasa ya yi hamma, ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan hannuwansa. Ashe dokar gaskiya ce. Tasalla ta raɓa shi ta wuce.

Daga nan idonta ya buɗe. Ta ga wani baƙin dutse da tsuntsun carki ke tsalle a kansa, ta ce, "Ɓauna saniyar sake, na gan ki!" Dutsen ya durƙusa. Ta ji warin mushe, ta waiga ta ga doro yana bin ta a sunkuye, ta kira kura. Ta kira gadu da ya leƙo daga rami, ta kira kyarkeci. Ƙaya da ƙarangiya suka cinye mata takalmi ɗaya, ta yar da ɗayan ta ci gaba.

Da ta kai ƙarshen filin ta ga wata ƙatuwar bishiyar maɗaci, ta zauna a inuwarta don ta ɗan huta. Ta duba gabas da yamma, kudu da arewa, babu komai. Har ta fara jin sanyi a ranta, sai ta lura inuwar wani reshe a ƙasa tana lilo, alhali sauran inuwoyin suna tsaye. Ba ta tsaya ɗaga kai ba.

"Damisa ƙi sabo, na gan ki!"

Damisar ta riga ta saki reshe. Ta faɗo a gabanta, farcenta ya tsaya a bakin zanen Tasalla, ta kwanta tana gurnani. Tasalla ta ce, "Alhamdu lillahi," har sau ba adadi, ta tashi. Ba ta ƙara neman inuwa ba.

Sai ga kogi, faɗinsa ya fi ƙarfin iyo, ruwansa kore shar. An jera duwatsun takawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Tasalla ta tsuguna ta zuba musu ido. Ta ga wasu daga cikin duwatsun suna da ƙananan kunnuwa da ke kaɗawa. Ta zaɓi marasa kunne ta riƙa takawa har ta kai tsakiya, inda duwatsun gaskiya suka ƙare. Tsakaninta da na gaba akwai rata wadda ko saurayi ba zai tsallake ba. Ga kuma wata tsohuwar dorina ta taso mata, bakinta a wangame kamar ƙofar zaure.

Dorinar ta yi magana, ruwa yana tafasa a gefen bakinta. "Ya ke mai goyon tufafi, kin gan ni, me ya hana ki kira sunana? Ko tsoro ya ɗaure miki harshe?"

Tasalla ta ƙi kiran sunan. Dorina ta matso, ta ƙara matsowa, har numfashinta yana kaɗa zanen Tasalla. Sai da jikinta ya cike ratar nan tsaf, sannan Tasalla ta ɗaga murya.

"Dorina giwar ruwa, na gan ki!"

Dorina ta rufe baki ta lafe a inda take. Tasalla ta taka gadon bayanta ta haye.

"Kin mai da ni gada, 'yar Adam," in ji dorinar daga baya, kuma kamar da dariya a muryarta.

"Ki yafe ni, Iya. Sauri nake."

Da ta hau gaɓa sai ga birnin a gabanta. Gidajensa duk shuri ne, dogaye har suna tsokanar gajimare. Raƙuman dawa suna leƙa tagogin sama, jiminu suna kai da kawo da saƙo, giwaye suna ɗebo ruwa da hanci suna yayyafa wa tituna. Makiyayan nan dogaye suna tsaye a bakin hanya jingine da sandunansu, idanunsu kamar garwashi, babu wanda ya ce mata kanzil. Ita ma ba ta gaishe su ba. Ta bi babbar hanya har wani dandali.

A nan Sarauniya Kilbarasa take zaune bisa karagar dutse. Gashin kanta irin tuntun gauraka ne, rigarta ta ganyaye masu rai, suna toho suna kaɗewa a jikinta. Wani baƙin zaki yana kwance a ƙafarta da sarƙa a wuya. A gabanta kuwa gwankaye ne cike da dandalin, dubbai, kowanne da farar fuska mai baƙin zane, kowanne da ƙaho lanƙwasasshe, kamar an zuba su daga kwano ɗaya.

"Ya ke jikar maharbi," in ji Sarauniya, "kakanki ya ɗauki da yawa daga garkena, amma bai taɓa harbin mai ciki ba, bai taɓa harbin mai shan ruwa ba. Saboda shi zan saurare ki. Faɗi buƙatarki."

Tasalla ta zube. "Ranki ya daɗe, mijina nake roƙo. Tsoho ne, bakinsa ne kawai ba ya rufuwa, amma babu mugunta a cikinsa."

"Yana cikin waɗannan. Ki nuna shi sau ɗaya tak. In kin dace, ki tafi da shi. In kin kuskure, garkena ya ƙaru da mace. Dubi rana."

Rana ta yi ja, ta kusa taɓa kan dutse. Tasalla ta shiga cikin garken tana duba fuskoki. Ta kira, "Malam!" Dukansu suka ɗago kai lokaci guda. Ta kira sunan 'yarsu, dukansu suka kaɗa kunne. Ta duba tafiya, ta duba ido, ta duba ko akwai mai ɗan ranƙwafawa irin tasa. Babu bambanci ko na ƙwayar gero. Idon da ya tsinto zaki a ciyawa, ya tsinto damisa a inuwa, a nan ya gaza. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

Ta share su da gefen mayafi, ta koma gaban karaga.

"Ranki ya daɗe, ina da roƙo. Ki kwance zakin nan, ki sake shi a kaina."

Ganyayen rigar Sarauniya suka tsaya cak. "Kin san abin da kike faɗa? Wannan ba ya wasa, kuma tun jiya bai ci ba."

"Na sani."

Tasalla ta taka zuwa tsakiyar dandali, ta juya wa karaga baya, ta fuskanci garken. Ta ji ƙarar sarƙa ta faɗi a kan dutse. Zakin ya yi wani ruri da ya girgiza shurin birnin. Garken ya fashe. Gwankaye suka watse ta ko'ina, ƙura ta turnuƙe, ƙasa tana rawa da kofato. Tasalla ta tsaya, tana jin takun zakin yana matsowa a bayanta, ta cije leɓe ta hana bakinta kiran sunansa.

Cikin ƙurar nan sai ta ga gwanki ɗaya ya ja birki. Ya juyo. Mutumin da ko karen maƙwabta ya yi haushi sai ya canja hanya, shi ne ya taho a guje, ya wuce ta, ya tsaya tsakaninta da zakin, ya sunkuyar da ƙaho.

Tasalla ta juya kamar walƙiya. Zakin yana sama, ya riga ya yi tsalle.

"Zaki manyan dawa, na gan ka!"

Zakin ya faɗo ƙasa tim, ya kwanta, hancinsa dab da kofaton gwankin. Tasalla ta rungume wuyan gwankin da hannu biyu. "Wannan ne, ranki ya daɗe. Wannan ne nawa."

Sarauniya ta miƙe tsaye, makiyayan duka suka cire malafunsu. "Na ga ƙarni ya zo ya wuce a dajin nan," in ji ta, "ban taɓa ganin gwanki ya tare wa wani zaki ba. Ɗauki abinki."

Ta buga sandarta a ƙasa. Gashi ya zube, ƙaho ya narke, sai ga Malam Shekarau durƙushe da ciyawa cike da baki. Tasalla ta yi maza ta kwance goyo ta jefa masa rigar tun kafin ya gama zama mutum. Ya tofar da ciyawar, ya dube ta, ya dubi zakin, ya dubi Sarauniya. Tasalla ta toshe masa baki da tafin hannu, ita ta yi godiyar a madadinsu su biyu.

Sarauniya ta sa wani toron giwa ya durƙusa, suka hau. Aka buɗe ƙofofin birni, aka saki garkunan duka su koma daji, domin ranar taronsu ta ƙare. Haka suka fito a tsakiyar namun dawa: raƙuman dawa a dama suna tafe kamar ba sa taka ƙasa, ɓauna a hagu, barewa suna tsalle a gaba, 'yan giwaye suna riƙe da bindin iyayensu. Dorina ta ɗago kai ta bi su da kallo a kogi. Babu abin da Tasalla take buƙatar kira yanzu. Ta jingina da bayan mijinta, ta saki jiki, a karon farko ta kalli dabbobin don kallo kawai. Sai ta ga ashe suna da kyau.

Giwar ta sauke su a bakin shurin nan biyu. Da suka waiga, babu ƙofa, gara ce kawai ke aikinta. Suka tarar da Nomau zaune a kan motar, idanunsa sun yi ja, carbi a hannu. Da ya gan su ya diro ya kama hannun Malam Shekarau, ya juya shi gaba da baya, ya ƙirga yatsun, sannan ya fashe da kuka da dariya a haɗe.

"Baba, me zan ce wa 'yarku? Tun ɗazu abin da nake tambayar kaina ke nan. Mama, don Allah ku shiga mu tafi, kada wani ya ƙara sauka."

Suka isa masauki ana kiran isha'i. Bayan sun yi salla aka kawo musu shinkafa da kwaɗon zogale. Malam Shekarau ya tura kwanon zogalen gefe. "A kawar mini da ganyen nan. Na ci rabona na duniya yau."

Tasalla ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta miƙe ƙafa sai ya ga tafin ƙafafunta, duk sun tsage, ƙayoyi sun nutse a ciki. Ya bar abincin. Ya aro allura, ya sa aka kawo ruwan ɗumi, ya zauna a ƙasa ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya shiga cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Can ta ce, "Malam, da ka tsaya gaban zakin nan, me kake tunani?"

Ya ci gaba da aikinsa, ya ce, "Kan gwanki ba ya ɗaukar tunani mai yawa, Tasalla. Na manta sunana, na manta Funtuwa, na manta ko ni waye. Ƙafafu huɗu gare ni, kowace tana cewa gudu. Na waiga ne kawai na ga wata mata tsaye ita kaɗai, sai na ji a jikina ba a barin wannan ita kaɗai."

Tasalla ta kau da kai ta dubi taga. A waje, can nesa, giwa ta yi kuka, wata ta amsa mata.

"Akwai saura a dunduniya," in ji ta a hankali.

Ya gyara zama, ya matso da fitila.